Turakun Ashetu

Zare ne ya fara kama Suhuyini kafin Wasilatu ta kama shi.

Da hantsi ne, a bakin titin da ya bi ta gefen unguwar Sabonjida a Tamale, daidai kwanar babban kwalbati. Wasilatu na wadari, tana kai da komo da zaren saƙa tsakanin turaku biyu na tsohon shingen ƙarfen gefen titi, wanda mutanen unguwa ke kira relin. Shi kuma ya taho da gwangwanin jan fenti a hannu, hular kwano a ka, idonsa na kan ƙarfe. Sai ji ya yi ƙafarsa ta sarƙe, ya yi tangal-tangal, da ƙyar ya tare gwangwanin kafin ya yi wa farin zare wanka.

"Malam, idonka na gida ne?" in ji Wasilatu.

Ya ɗago ya dube ta. Doguwar yarinya ce baƙa, da mayafi ɗaure a ƙugu, ta haɗe rai iya haɗewa, amma bakinta na neman tona mata asiri.

"Dasiba," ya ce, don gaisuwar Dagbani ce kaɗai ta rage masa a ka.

"Naa. Ɗaga ƙafarka a hankali, kar ka tsinka min. Me za ka yi da jan fenti a nan?"

"Alama nake sawa, sista. Duk turken da na shafa, cire shi za a yi. Majalisar gari ta samu tallafi daga waje, za a canja relin ɗin nan gaba ɗaya, daga kwana har kasuwa."

Wasilatu ta dubi turken da zarenta ke kewaye da shi, ta dubi buroshin hannunsa. Ta matsa ta tsaya tsakaninsu.

"Wannan da wancan na gindin dalbejiya, kar ka shafa musu komai."

"Na gwamnati ne fa."

"Na gwamnati ne a takarda. Je ka tambayi duk Sabonjida na wane ne."

Bai shafa ba. Ya tsallake su ya wuce, yana tafe yana waiwaye, har ya kusa sake faɗuwa a kan akuyar da aka ɗaure a turke na gaba.

Da ya tambaya, da an gaya masa turakun Ashetu ne. Lokacin da aka kafa relin ɗin yana sabo fil, Ashetu budurwa ce mai sayar da koko da ƙosai a gindin dalbejiyar. Usumanu kuwa saurayi ne masaƙi, mai saƙa ƙyallen fugu, rigar nan ta mutanen arewa. Kullum da safe yakan zauna a kan relin da kofin koko guda, ya yi ta kurɓa har kokon ya yi sanyi ya sandare, shi bai tashi ba. Da suka yi aure, ɗaki ɗaya suka samu, ba filin da za a ja zare. Ashetu ce ta dubi kawunan turakun da suka ɗara faifan shingen, ta ce, ga turaku Allah ya kafa mana, me muke nema kuma?

Tun daga ranar ita ke masa wadari. Ta ɗaura zare a turken dalbejiya, ta taka zuwa turken kwana, ta kewaya, ta dawo, da ciki, da goyo, da azumi a baki. Fiye da shekara talatin tana wannan tafiya. A wuyan kowane turke akwai wani siririn zobe mai sheƙi inda zare ke zama, ba ya hawa ba ya sauka. Da Allah ya ɗauki ranta, Wasilatu ta gaji tafiyar, don ita kaɗai suka haifa.

Relin ɗin kuma ba na Ashetu kaɗai ba ne. A kansa mata ke shanya tabarmi, a kansa dattawa ke jiran kiran la'asar, a kansa Wasilatu da ƙawayenta suka zauna suna ƙirga motocin Kumasi suna cewa wata rana za su shiga. Baba Usumanu duk safiya in ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a turken kwana, ya dafa shi na ɗan lokaci, sannan ya shiga gida. Wasilatu ta ɗauka gwiwarsa ce ke neman hutu.

Washegari Suhuyini ya dawo, wai ya manta murfin gwangwani. Jibi ya dawo, wai yana son a saƙa wa yayansa fugu, a ba shi lambar da zai riƙa tambayar aiki. Wasilatu ta san ƙarya ce, ta ba shi.

Ba ta kai ga shiga gida ba saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum, Mai Zare. Ƙafata har yanzu tana jin zarenki. Gobe zan biyo ta nan, amma na yi alkawari zan kalli ƙasa. Suhuyini, mai walda, unguwar Gurugu."

Ta karanta sau biyu, ta rubuta: "Wa alaikumus salam. Ka kalli ƙasa, ka bar kallon mutane."

"Wannan ne ba zan iya ba."

Ta kife wayar a kan kwandon zare, ta yi ta murmushi ita kaɗai kamar wadda ta tsinci abu a hanya.

Aikin daga can bakin kasuwa aka fara shi, yana matsowa a hankali, soyayyar kuwa ta riga shi isowa. In an tashi hutun rana, Suhuyini yakan zo da wagashi, soyayyen cukun nono, a leda, ya zauna a kan relin yana kallon ta tana tafiyarta. Ita ta sa masa Mai Ƙarfe, shi yana ce mata Wasi, in ya so tsokana ya ce Mai Zare. Ta ba shi labarin mahaifiyarta, yadda take waƙa ƙasa-ƙasa in tana kewaya turke, yadda take sanin ruwa zai sauko tun daga yadda zare ke nauyi a hannu.

Wata rana ta tambaye shi, "Ba ka jin komai in kana yanke su? Kamar ba mutane ne suka rayu a kansu ba?"

Ya sunkuya ya sa yatsa a gindin wani turke, yatsan ya shige cikin tsatsa kamar cikin biredi.

"Kin gani, Wasi? Yayana Tahidu motokin yake tuƙawa, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Wata damina birki ya ƙwace masa a wajen unguwarmu, ya daki irin wannan relin ɗin. Da mai ƙarfi ne da ya tare shi. Naɗewa ya yi kamar kwali, Tahidu ya faɗa kwalbati da kaya a kansa. Ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya. Shi ya sa da na ji aikin nan na nema da ƙafata."

Wasilatu ta san gaskiya ya faɗa, don ita kanta ta daɗe da daina jingina da faifan tsakiya. Gaskiyar ce dai take da ɗaci.

"Abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Ranar da za ku zo kan namu, ka gaya min tun da wuri. Ina so Baba ya yi sallama da su."

"Ke za ki fara sani, wallahi."

Sabonjida ba ta iya riƙe magana. Kafin wata ya ƙare, labari ya isa kunnen Baba Usumanu. Ya kira ta yana zaune a masaƙarsa, ƙoshiyar saƙa a hannu, bai ko ɗago ba.

"Wasila, an ce wani yaro na zama a kan relin yana shan iska."

"Suhuyini ne, Baba. Yana so manyansa su zo gaisuwa."

Ƙoshiya ta tsaya.

"Mai jan fentin?"

"Eh, Baba."

"Duk samarin Tamale kin rasa wanda za ki kawo min sai wanda aka aiko ya tumɓuke uwarki daga bakin titi?"

"Baba, ba shi ya ce a cire ba. Ƙarfen ya ruɓe, yayansa ma..."

"Ban tambaye ki yayansa ba. Ni ban ce yaron banza ne ba, ban san shi ba. Amma hannun da zai yanke turakun nan ba zai miƙo min goro in karɓa ba. Je ki."

Ta fita da hawaye. Ba ta taɓa jin ya ce "uwarki" da irin wannan muryar ba.

Akwai kuma Majeed, dillalin fugu mai shago a Dungu, wanda ke sayen saƙar Baba tun mahaifinsa na da rai. Mutum ne mai ƙamshi da fara'a, motarsa kullum a wanke, bakinsa kuma ya fi motar santsi. Ya daɗe yana zagaye Wasilatu, ita tana gaishe shi gaisuwar ciniki. Da ya ji abin da ke ciki, sai ya ƙara yawan zuwa.

"Baba na kaina, kwantar da hankalinka," yake cewa. "Na san manya a ofis. Waya ɗaya zan buga, su tsallake nan wurin."

Wayar dai ba a taɓa jin an buga ta ba, amma tsoho mai jin tsoro ko alkawarin iska aka ba shi riƙewa yake yi. Baba ya fara cewa Majeed yaron kirki ne.

Wasilatu ta rubuta wa Suhuyini: "Baba ya ƙi. Ya ce ba zai karɓi goro daga hannunka ba. Ban san yadda zan yi ba, Mai Ƙarfe."

Ya amsa: "Kar ki yi kuka, Wasi na. Baba bai ƙi ni ba, kewar Mma yake yi. Ni ba gudu zan yi ba. Ina nan kamar turke."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta rubuta: "Turken da za a cire?"

"A'a, sabon. Mai siminti."

Ranar wata Asabar, Baba da Wasilatu suka tafi Dungu suna, gidan ƙanwarsa. A ranar ne motar ɗaga ƙarfe ta samu, injiniya ya ce a gama da kwanar kwalbati kafin ruwa ya sauko. Suhuyini ya ɗauko waya zai kira, ya tsaya. Ya tuna fuskar tsohon, ya ce a ransa gara kada ya gani, ganin zai fi masa ciwo. Ya mayar da wayar aljihu. Wannan shi ne kuskurensa na farko, kuma da kyakkyawar zuciya ya yi shi, kamar na biyun.

Bayan la'asar yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya sauke su a kwana. Wasilatu ta fara zaton direba ya ɓata hanya. Sabon shinge ne fari tas yana ɗaukar ido, turakunsa masu faɗi, ba kan da zare zai kewaya. Dalbejiya kaɗai ta gane su.

Baba ya taka a hankali zuwa inda turken kwana yake a da. Ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, hannun bai sami komai ba. Ya daɗe a haka, sannan ya sa hannun cikin aljihu ya shiga gida.

Da safe Majeed ya iso da jaje a baki da hoto a waya. Ga Suhuyini nan yana ɗaure turaku biyu a bayan motokin, ga kuma motokin ɗin a wani hoton, tsaye a layin masu sayen tsohon ƙarfe a Gurugu.

"Ni ban so in nuna ba," in ji Majeed, alhali har haske ya ƙara wa wayar. "Amma kun ga irin mutumin. Ko kwana bai bari sun yi ba."

Wasilatu ta rubuta wa Suhuyini: "Ka rantse ni zan fara sani. Ka bari mun bar gari ka yanke su, ka kai su layin 'yan ƙarfe. Na gani da idona."

Amsa ta zo nan take: "Na yi laifi da ban kira ba, ki yafe min. Amma ba yadda kike zato ba ne. Ki ba ni ɗan lokaci, Wasi, za ki gani."

"Na riga na gani. Kar ka sake kirana."

Ta rufe lambarsa, ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun ranar da aka fita da mahaifiyarta.

Makonnin da suka biyo baya gidan ya yi shiru. Bayan gidansu akwai wani dogon fili na maƙwabci da ya ce su yi amfani da shi, Wasilatu ta kafa turakun itace a can, amma Baba ko leƙawa bai yi ba. Masaƙa ta yi ƙura. Tuwon zafi ya riƙa komawa kicin yadda ya fito. Majeed kuwa ya samu fili, ya zo ya faɗi maganarsa a sarari, Baba ya ce, cikin gajiya, manyansa su zo bayan Juma'a mai zuwa. Da ya tambayi Wasilatu, ta ce duk yadda ya gani. Ba ta son Majeed ko kaɗan, amma ba ta da sauran ƙarfin musu.

Ranar Lahadi da sassafe ta ji ƙarar shebur a bayan gida. Ta leƙa. Suhuyini ne, duk ya rame, siminti har gwiwar hannu. Gefensa wani mutum ne jingine da sanda yana riƙe da bokiti, ba sai an ce mata Tahidu ba ne. A tsaye cikin filin ga turaku biyu na ƙarfe, ɗaya nan ɗaya can nesa, shuɗaye, suna walƙiya.

"Su ne, Wasi," ya ce da sauri, kafin ta juya. "Na roƙi injiniya, ya kai maganar gaba, aka bar min su. Shagon waldarmu a layin 'yan ƙarfe yake, can na kai su. Gindinsu ya ruɓe, na yanke na yi musu sabuwar ƙafa. Tazarar ma kafin a cire na auna ta da guntun zarenki, ko yatsa ban rage ba."

Wasilatu ta toshe baki da mayafi. Kunya da murna suka taru mata. Da gudu ta koma ta kamo hannun Baba.

Suhuyini da yayansa suka durƙusa har ƙasa suka gaishe shi. Baba bai ko amsa sosai ba, idonsa na kan turken kwana. Ya gane shi daga ɗan karkacewar kansa, inda wata motar gawayi ta taɓa gogarsa. Ya taka, kamar zai yi gudu, ya kai hannu wuyan turken. Yatsunsa suka kewaya. Suka hau sama, suka sauko ƙasa, suka sake kewayawa.

"Ina zoben?" ya ce.

"Wane zobe, Baba?" in ji Suhuyini.

"A nan. Akwai wani zobe a nan."

"Oh, wannan zaizayar? Na goge ta da inji, Baba, na cike, na yi fenti hawa uku. Yanzu tsatsa ba za ta..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga fuskar tsohon.

"Ba zaizaya ba ce, yaro," in ji Baba a hankali. "Hannun Ashetu ne. Zarenta ne ya ci fenti, ya ci tsatsa, ya ci ƙarfe, kaɗan-kaɗan. Hotonta ɗaya ne a gidan nan, shi ma ruwa ya ɓata shi. Kayanta an raba. Wannan kaɗai ne abin da ta bari da zan iya taɓawa. Duk safiya nan nake gaishe ta."

Sai a lokacin Wasilatu ta gane. Shekara da shekaru tana kallon sa yana dafa turken, tana cewa gwiwa ce. Zarenta na zama cikin zoben kullum, ba ta taɓa tambayar wa ya yi shi ba.

Suhuyini ya zube a ƙasa, ya riƙe kai da hannu biyu. Shi mai walda ne, a wurinsa ƙauna ita ce ka mayar da tsohon abu sabo. Ya yi kwanaki yana goge wurin har sai da ya daina jin sa a yatsa, yana murna.

"Baba, na shiga uku. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba," in ji Baba. Ya juya ya shiga gida.

Wasilatu ta buɗe lambarsa a ranar. Abin da ta iya rubutawa kawai shi ne: "Ka yafe min zargin da na yi maka."

Ya amsa: "Abin da na yi ya fi wanda kika zarge ni da shi muni. Na rasa ki da hannuna, Mai Zare."

Da simintin ya bushe, Baba da kansa ya ce ta ɗauko zare a gwada. Ta ɗaura, ta taka, ta kewaya turken kwana, ta juyo. Zaren ya zame a kan santsin fenti ya zube ƙasa. Ta sake, ya sake zamewa. Ba wurin da zai zauna.

Tana tsugune tana kakkaɓe ƙasa daga jikinsa ta ga ƙafafu a gabanta. Suhuyini ne, da kayan aiki a jikinsa, ashe yana tsaye bayan katanga. Ya je turken kwana ya durƙusa, ya sa yatsa daidai inda zoben yake a da.

"Ja," ya ce.

Ta kewaya, zaren ya zauna a kan yatsansa. Ta tafi, ta dawo, ta sake kewayawa. Haka suka yi har wadarin ya cika aka ɗaure shi, zaren ya yanka masa fata bai cire hannu ba. Washegari ya dawo kafin lokacin aiki. Jibi ma haka. Baba na zaune a kujera a inuwar katanga yana kallo, bai kore shi ba, bai kuma yi masa magana ba. Amma masaƙa ta fara ƙara a gidan.

Ranar Alhamis Majeed ya zo tuna wa Baba maganar manyansa, ya tarar da su a haka. Ya bushe da dariya.

"Cale, abokina, duk wannan wahalar a kan ƙarfen bola? Baba, bar su. In muka zama ɗaya, zan sa a riƙa kawo maka zare jayayye daga Kumasi, ba mai sake yawo a rana."

Baba ya dube shi da kyau, kamar yau ya fara ganinsa.

"Majeed, da ka ɗauki hoton nan, ba ka ga shagon walda ne motokin ya tsaya a gabansa ba?"

Majeed ya fara gyaran murya.

"Ciniki na nan tsakaninmu kamar yadda yake da mahaifinka," in ji Baba. "Ɗayar maganar, ka ce wa manyanka kada su wahalar da ƙafarsu."

Bayan ƙarar motar ta ɓace, Baba ya miƙe ya zo turken kwana. Suhuyini zai tashi, ya ce masa ya zauna. Ya kamo hannun yaron ya juya shi, ya dubi yatsan da zare ya tsattsaga.

"Ka san shekara nawa Ashetu ta yi kafin zoben nan ya fito?"

"Wasila ta ce fiye da talatin, Baba."

"To. Kai ka goge shi, kai za ka mayar. Inji ba ya yin sa, kada ma ka fara tunani. Sai ita tana ja, kai kana riƙewa, har ranar da zare zai zauna da kansa. Za ka iya?"

Suhuyini ya ɗago, bai gane ba tukuna. Wasilatu ce ta riga shi, zaren ya suɓuce daga hannunta.

"Kuma ba zai yiwu ƙato kamarka ya yi shekara talatin yana zarya bayan gidana ba aure ba," in ji Baba. "Mutane za su yi magana. Ka turo manyanka da goro."

Suhuyini ya kifa goshi a kan hannun tsohon ya fashe da kuka, ƙaton mai walda da shi. Wasilatu ta ruga cikin gida, tana dariya tana share ido, ta bar zare a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Mutanen Gurugu suka zo da makaɗansu, 'yan Sabonjida suka cika titi, abokan aikin ango suka jeru a jikin sabon relin da hulunan kwanonsu don tsokana. Tahidu ya yi rawa da sandarsa har aka yi masa guɗa. Fugun da ango ya sa Baba ne ya saƙa shi, da zaren da aka ja a kan yatsansa. Da motar amarya ta zo kwanar kwalbati, Wasilatu ta ɗaga mayafi ta kalli dalbejiya, ta yi wa mahaifiyarta addu'a.

Ɗaki suka kama kusa, don kada wadari ya tsaya. Wata safiya bayan damina ta wuce, suna cikin aiki, Baba ya dawo daga masallaci ya biyo ta bayan gida. Ya ce Suhuyini ya ɗan ɗaga yatsa. A wuyan turken, cikin shuɗin fenti, wani layi ya fito siriri kamar gashi, sai ka matsa za ka gan shi.

Baba ya dafa wurin, ya daɗe, kamar yadda yake yi a da.

"Ashetu, kin ga yaran sun fara," ya ce ƙasa-ƙasa. Sannan ya juyo gare su. "Ni ba zan ga ya yi zurfi ba. Allah ya ba ku tsawon rai ku gani, ya yi muku albarka, ya ba ku masu gadon tafiyar nan."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Suhuyini ya mayar da yatsansa. Wasilatu ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗauki zare ta ci gaba da tafiya.